Dutsen da Na Aika wa Inna

Abin da ya fara ɗaure mini kai a Makka duwatsu ne. Ni ɗan ƙasar Haɗeja ne, inda za ka wuni kana tafiya ba ka yi tuntuɓe da tsakuwa ba. A ƙauyenmu ko dutsen niƙa sai an sayo shi daga wani gari an ɗoro a mota. Kuma tun ina yaro hoton Makka guda ɗaya na sani, wanda ke rataye a ɗakin mahaifiyata: Ka'aba, farin fili, mutane sun kewaye. Saboda haka da motar da ta kwaso mu daga Jidda ta fara kutsawa tsakanin baƙaƙen tsaunuka, har ta shige cikin wani ta ɓulla ta ɗaya gefen, sai na dafa kafaɗar na kusa da ni na ce, "Malam, anya ba wani garin za a kai mu ba?" Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, ai tuni muka shigo.

A Kudai aka sauke mu, unguwar da manyan motocin alhazai ke fakawa. Ejan da ya yi mini hanya a Kano ya rantse mini da girman Allah cewa tuƙi zan yi, motar otal, daga otal zuwa Harami, daga Harami zuwa otal, cikin sanyin esi. Na yarda da shi, don shekara tara na yi ina jan hayis tsakanin Haɗeja da Kano, ba wanda zai koya mini sitiyari. Washegarin zuwanmu mudir, wato shugaban wurin aiki, ya karɓe fasfunanmu ya zuba a durowa ya kulle. Aka miƙo mini hular kwano da wasu takalma masu nauyin tsiya.

Na ce, "Ina motar?"

Wani ɗan Damagaram da ya daɗe a wurin, shi ke yi mana tafinta, ya nuna mini injin fasa dutse a jingine. Ya ce, "Ga ta nan, sai dai ba ta da giya."

Ni mutum ne mai saurin fushi, bakina kuma ba linzami. Na jefar da hular, na zazzaga masifa da Hausa har muryata ta dushe. Mudir ya tsaya yana kallona kamar mai kallon akuya tana kuka, da na gama ya ce, "Mafi mushkila," wato ba matsala, ya shige motarsa. Ɗan Damagaram ya tsinto hular ya kaɗe ta ya ɗora mini a ka. Ya ce, "Isiyaku, kowa ka gani a nan direba ne a garinsu. Wancan ma tela ne. Ɗauki injinka."

Haka na fara cin tsaunin Makka da hannuna. Gefen wani dutse muke sarewa za a kafa otal. Zafin garin nan ba irin namu ba ne, daga sama ake dukanka, dutsen kuma ya mayar maka daga ƙasa. Kwana uku ban iya riƙe cokali ba saboda rawar hannu. Wani ɗan Bangaladash, wanda har muka rabu ban iya faɗin sunansa daidai ba, shi ya ga ina layi zan faɗi, ya jiƙa tawul ɗinsa ya naɗa mini a wuya, ya matse lemon tsami da gishiri a ruwa ya ɗura mini. Ba ma jin yaren juna. Kullum in ya gan ni sai ya nuna wuyansa, ni kuma in ɗaga masa tawul in nuna na jiƙa.

Duk wannan Inna ba ta sani ba. Inna ita ce mahaifiyata, ni ne ɗanta namiji tilo, mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Idonta ya fara rauni, ƙafa ma ta ƙi, kuma duk duniya ba abin da take so kamar ta ga Ka'aba, Allah bai nufa ba. Ƙanwata Hansatu ke zaune da ita, a wayarta nake samun Inna. Ranar da na fara kira, tambayar farko da ta yi mini ita ce, "Isiyaku, kana ganin Ɗakin kullum?"

Ina zaune a kan bulo, ƙura har cikin kunnena. Na ce, "Inna, ai sau goma nake zuwa a rana. Aikina ke nan, in kai alhazai in ɗauko su."

Ta fashe da kuka tana sa mini albarka. Kafin sati duk ƙauyen sun ji cewa ɗan Inna shi ke jigilar baƙin Allah zuwa ƙofar Ɗakin Allah. Na so in gyara maganar, amma duk ranar da na kira sai in ji muryarta ta cika da murna, sai in ƙara wata ƙaryar a kan ta jiya.

Da aikin hajji ya zo, maƙwabcinmu Malam Buhari ya samu kujera. Da zai koma na je masaukinsu, na yi wanka na sa farar jallabiya don kada ya gane. Ya ce me zan aika wa Inna. Kowa zamzam yake aikawa, da dabino da bagaruwa da carbi. Ni kuwa ɗan Inna mai zuwa Harami sau goma a rana, ya za a yi in aika abin da kowa ke aikawa? A satin nan muna haƙa ramin sokawe na otal ɗin, inda ruwan banɗaki zai riƙa taruwa. Wani ɓallin dutse ya fito, kamar dunƙulen hannu, baƙi wuluk da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli. Ya ba ni sha'awa na sa a aljihu. Shi na naɗe a hankici na haɗa da jarkar zamzam na ba Malam Buhari.

Da saƙo ya isa Inna ta ce, "Wannan dutsen fa?"

Wallahi ban shirya amsar ba, bakina ne ya yi gaba. Na ce, "Daga gindin Ka'aba yake, Inna. Gyara ake yi, wani abokina ya ɓoyo mini. Tunda ba ki zo ba, ga yankin wurin ya zo miki."

Sai na ji tana sumbatar abin. Na kashe waya ina jin kaina wani gwarzon ɗa.

Ranar Juma'a ce kawai hutunmu. In an sauko daga masallaci sai in gangara Misfala da ƙafa, in bi ta lungunan da ke bayan masaukan alhazai, in hau wani tsohon bene. A can wata tsohuwa, Hajiya Kubura, ke tuƙa tuwo. Iyayenta da ƙafa suka taho ta Sudan, a hanya aka haife ta, a Makka ta binne su. Ba ta da takarda ko ɗaya, ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma ranar da na fara kai lomar tuwonta da miyar kuka sai da na juya baya na share ido. Ta gani, ta ƙara mini miya. Hausarta rabi Larabci ce, kowa "ya waladi" take ce masa, wato ɗana. Shekaru masu yawa ta yi tana zama a darasin malamai ta ɓangaren mata, kuma in ta fara ba da labarin garin nan sai tuwo ya huce a gabanka.

Ni na jawo maganar da bakina. Wata Juma'a ina ƙorafin ejan da mudir, na ce, "Abin da ke ba ni mamaki, Hajiya, a garin da tun da aka kafa shi ba a san saɓo ba, a nan za a cuce ni."

Ta ajiye mara ta dube ni. "Wa ya faɗa maka? Ya waladi, inda ka sa goshinka ɗazu, gumaka ɗari uku da sittin sun taɓa tsayawa a wurin."

Na san da maganar gumaka, an faɗa mana a Islamiyya. Amma a raina abin kamar tatsuniya ne, a wani gari can mai nisa. Ban taɓa haɗa shi da farin dutsen da nake takawa ba takalmi ba. Hajiya ta faro mini tun daga tushe. Kwari ne ba ruwa ba shuka, Annabi Ibrahim ya ajiye Nana Hajara da jaririnta ya juya bisa umarnin Allah. Ta yi ta safa da marwa tsakanin duwatsu biyu tana neman ruwa, zamzam ya ɓuɓɓugo. Wata ƙabila, Jurhum, suna wucewa suka hango tsuntsaye na shawagi, suka ce ai tsuntsu ba ya shawagi sai a kan ruwa, suka zo suka nemi izininta suka zauna. Uba da ɗa suka ɗaga ginin Ɗakin. Mutane suka rayu a kan bautar Allah shi kaɗai, zamani bayan zamani.

Na ce, "To ai kin ji. Garin tsarki tun asali."

Ta ce, "Ci tuwonka, ban gama ba."

Juma'a bayan Juma'a ta riƙa ba ni sauran, ni kuwa kullum sai na bar gidan baki buɗe. Wai zamzam ɗin nan da nake aikawa gida, an taɓa cike rijiyar da ƙasa, ta ɓace, aka yi zamani mai tsawo ba wanda ya san inda take, sai kakan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sake tono ta. Wai baƙi sukan yi ɗawafi tsirara, maza da mata, suna cewa ba za su kewaya Ɗakin da tufar da suka yi saɓo da ita ba. Da ta faɗi wannan sai da na ƙware. Na ce, "Haba Hajiya! Tsirara? A nan?" Ta ce, "A nan." Wai a wasu gidaje in an haifi mace, uban zai ɗauke ta ya fita bayan gari ya dawo shi kaɗai. Wannan ta hana ni sukuni kwana da kwanaki. In na kafa injina a jikin dutse sai in riƙa tunanin ko wata jaririya ta taɓa kuka a gindinsa.

Wasu labaran kuma dariya suka ba ni. Ta ce akwai mai yin gunkinsa da curin dabino, in yunwa ta matsa masa ya cinye. Ta ce matafiyi in ya sauka a zango sai ya tsinto duwatsu huɗu, ya zaɓi wanda ya fi kyau ya ce wannan ne ubangijinsa, sauran ukun ya yi murhu da su ya ɗora tukunya. Na yi dariya har na buge kwanon miya. Na ce, "Kai, amma an yi wawaye! Mutum da hankalinsa, dutse? Dutsen da nake farfasawa daga safe zuwa yamma? Da ni aka samu a lokacin da sun sha zagi."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba wawaye ba ne. Jikokin Annabi Isma'il ne, sun fi ka sanin Allah a farkonsu. Ka san yadda abin ya fara?"

Na ce wani shugabansu ne ya je Sham ya dawo da gunki, ta taɓa faɗa mini.

"Wannan daga baya ne, ya tarar da ƙasa ta jiƙu. Tun kafin shi, da garin ya yi musu kaɗan suka fara watsuwa neman abinci, kamar yadda kai ma ka baro naku. Ba mai son rabuwa da Makka. Sai duk wanda zai tafi ya tsinci dutse ɗaya daga cikin Harami ya sa a kayansa, saboda ƙauna. In ya isa inda za shi ya ajiye, in kewa ta dame shi ya kewaya dutsen kamar yadda yake kewaya Ɗakin. Shi ya san dutse ne. Ɗansa ya ga uban na girmamawa, ya ƙara. Jika ya taso bai san Makka ba, dutsen kawai ya sani. Halas, an gama."

Lomar da ke hannuna ban san lokacin da ta koma kwano ba. Dutsen da na aika wa Inna ya faɗo mini a rai. Hajiya ta ce lafiya, na ce zafi ne, na wanke hannu na sauko.

A bakin titi na tsaya, ƙarƙashin rumfar wani kanti, na kira Hansatu ta bidiyo. Na yi ƙoƙarin sa muryata ta zama ta wasa. Na ce, "Wai ina dutsen nan da na aiko?"

Ta ce, "Lah, Yaya, ai ka kira a daidai, yau Juma'a. Bari ka gani."

Ta juya wayar ta shiga ɗakin Inna. Innalillahi! An kawar da gadon gefe. A tsakiyar ɗakin ga kujera 'yar tsugune, a kanta sabuwar fanteka, a cikin fantekar dutsena ne, an naɗe shi da baƙin karan-miski an bar samansa a buɗe. Kasko na ta hayaƙin turare. Mata sun kai goma a zaune, har da waɗanda ban sani ba. Wata ta miƙa hannu ta shafa ta shafe fuskarta da cikin da take ɗauke da shi. Hansatu na ta yi mini bayani da murna: ranar Juma'a ake wanke shi, ruwan wankin a raba wa masu ciki da masu ciwon ido, daga ƙauyuka uku ake zuwa. Wata tsohuwa da ta fid da ran zuwa hajji ta roƙi Inna ta bar ta ta kewaya kujerar sau bakwai, ko ta rage zafi, yanzu wasu ma sun fara. Inna kuma ta matsar da dardumarta, sai ta saita dutsen a gabanta take tayar da salla, wai sai ta ji kamar tana Harami.

Na ce, "Ke Hansatu, kuna da hankali kuwa?"

"Me aka yi, Yaya? Kai fa ka aiko. Ai har wasiyya Inna ta bari. Ta ce in ta rasu a sa mata shi a cikin likkafani, a kan ƙirji, in mala'iku sun zo tambaya su ga da abin da ta zo."

Na zauna a kan dakalin kantin. Alhazai na ta wucewa ta gabana da lemominsu. Matar da ta koya mini kalmar shahada tun ban iya ɗaura wando ba, ita ce za ta shiga kabari tana dogaro da dutsen ramin sokawe, kuma ni na ba ta. Rabin awa da ta wuce ina dariyar mutanen jahiliyya.

Na koma benen na faɗa wa Hajiya komai, har da ƙaryar tuƙi. Na zaci za ta zage ni, da ma ta zage ni ɗin da na fi jin daɗi. Ta ce, "Tsohuwa ce?" Na ce ƙwarai, ga rashin lafiya. Ta ce, "To ba ka da lokacin jin kunya. Ka faɗa mata. Kuma a dawo da dutsen, malamai da yawa ba su yarda a fitar da dutsen Harami ba, ko na ramin me ne."

Sai da na yi kwana huɗu ina kewaye-kewaye. Da na kira, dabara na so in yi, in raba ta da dutsen ba tare da na tona kaina ba. Na ba ta labarin jikokin Annabi Isma'il tiryan-tiryan yadda Hajiya ta ba ni. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah sarki, Allah ya raba mu da ɓata. Amma su ai arna suka zama. Ni Musulma ce, Allah nake roƙo. Kuma nasu tsintuwa ce a hanya, nawa kuwa daga gindin Ka'aba yake. Ko ba haka ka ce ba?"

Nan na ga ba wata hanya. Duk abin a kan maganata yake tsaye.

Na ce, "Inna, ƙarya na yi miki."

"Wace ƙarya?"

"Ba daga gindin Ka'aba yake ba. Daga Kudai yake, wata unguwa. Ramin da ruwan banɗakin otal zai riƙa zuba muke haƙawa, a nan na tsince shi. Ni ba direba ba ne, Inna. Lebura ne, dutse nake fasawa. Harami sau ɗaya nake zuwa a sati."

Na ji numfashinta a wayar, na ji kazar gidanmu na kuka a tsakar gida. Na ce ta yafe mini, na ce ta zage ni, na ce ta yi magana don Allah. Da ta buɗe baki, ba da ni ta yi ba. Ta ce, "Hansatu, zo ki karɓi wayarki."

Wata biyu Inna ba ta karɓi kirana ba. Labari kuwa a wurin Hansatu nake ji, tana faɗa tana kuka tana ɗora mini laifi, kuma da gaskiyarta. Inna da kanta ta tara matan ranar Juma'a ta faɗa musu, ba ta rage komai ba. Wasu suka tofar da yawu a tsakar gidanmu. Wata da ta sha ruwan wankin tana da ciki ta zo har ƙofa ta yi mata tijara. A bakin rijiya aka laƙaba mata suna, Inna mai dutsen masai. Tsohuwar da duk ƙauyen ke durƙusa mata ta daina fita ko gaisuwar mutuwa. Na ce da Hansatu, "Da na sani da na yi shiru." Da na kashe wayar kuma na san ko da za a sake, sai na faɗa. Ban taɓa tsanar kaina kamar a watannin nan ba, abinci ma ɗan Bangaladash ke tura mini.

Ana cikin haka ƙanin Malam Buhari ya zo umara, ya kira ni in same shi a Misfala. Ya miƙo mini ƙulli a tsohon ɗankwalin Inna, bai ko dubi idona ba. Na kwance a gefen titi. Dutsen ne, amma na kusa kasa gane shi. Lokacin da na aika yana da kaifi-kaifi, yanzu gefe ɗaya ya yi sumul saboda shafa, ƙamshin turarenta ya kama shi. Na tafi da shi Kudai. Ramin an daɗe da rufe shi da kankare, motoci ke fakawa a kai. Na zagaya bayan ginin, gindin abin da ya rage na tsaunin, na ajiye shi cikin 'yan'uwansa. Da na yi taku kaɗan na waiwaya, ban iya ware shi daga sauran ba.

A ranar da yamma Hansatu ta kira, ta ce Inna na son magana. Muryarta ta ƙanƙance.

"Ya isa?"

"Ya isa, Inna. Na mayar."

"To madalla. Na yi istigifari, ina kan yi. Matan nan ma na bi su na roƙi gafara. Ƙaryarka na yafe, Isiyaku. Da ka bar ni na mutu a haka, shi ne ba zan yafe ba."

Na fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Ta ce, "Ka yi shiru ka ji. Ko Allah nake roƙo ko dutse, ni ma na zauna na tambayi kaina. Wani lokacin ban san wanne ba ne. Amma in kowa ya watse na ɗauke shi na riƙe, ba Ka'aba nake tunawa ba, kai nake tunawa, ina cewa hannunka ya taɓa nan. Yanzu na sake wasiyya. Ba na son komai a likkafanina. Kai nake so ka zo, ka zauna kusa da ni in ji ka, in lokaci ya yi ka sa ni a rami da hannunka."

Washegari tun kafin a fara aiki ina ƙofar ofishin mudir. Ni da na saba ɗaga murya, ranar durƙusawa na yi. Ɗan Damagaram ya fassara masa: uwata ce, ba lafiya, a ba ni fasfona da takardar fita. Mudir ya buɗe kwantiragi ya nuna mini da yatsa, saura wata bakwai. Ya ce in an gama zuba kankaren hawa na sama zai duba, in sha Allahu. Na koma bayan sati, na koma bayan sati biyu. Hajiya Kubura ta haɗa ni da wani ɗan unguwarsu da ya san kan takardu, ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce ba sa hannun kamfani ba inda za ni. Kullum in na kira Inna sai ta ce, "Yaushe?" in ce, "An kusa." Wannan karon ba ƙarya nake yi ba, haka ake faɗa mini.

Haka watannin suka shuɗe, har aka sa mini ranar tafiya. Saura kwana goma sha ɗaya in hau jirgi, ina tsakiyar aiki da hantsi, waya ta yi ta motsi a aljihuna. Na kashe injin. Hansatu ce. Tun daga sallamarta na gane.

Maƙwabta ne suka sa Inna a rami. Likkafaninta fari ne, ba komai a ciki. Ni kuwa na je Harami da kayan aikina, na bi sallar gawar wasu mutanen da ban sani ba, na yi ta yi mata addu'a har aka kira la'asar.

Da na isa gida, bayan an gama gaisuwa mutane sun ragu, na zauna da Hansatu a ɗakin Inna. Na tambaye ta abin da ya fi damuna, na ce ta faɗa mini gaskiya, a kan me Inna ta cika. Ta ce in kwantar da hankalina, da shahada ta cika, sarai kowa ya ji. Sannan ta ce a kwanakin ƙarshe, da idon ya rufe gaba ɗaya, Inna kan miƙa hannu gefen gado tana lalube, inda ta saba ajiye dutsen in za ta kwanta. In ta ji wayam sai ta tsaya, ta janye hannun a hankali ta ɗora a ƙirji, ta yi kalmar shahada. Ta ce a rana takan yi haka sau da yawa, wani lokacin kuma in ta lalubo ba komai sai ta ce, "Isiyaku bai iso ba?"

Na dubi gefen gadon. Ni na raba ta da abin da take riƙewa, kuma ban zo na sa hannuna a wurin ba.